A Kashe Inji Kafin A Kai Hannu



An nemi in ce wani abu game da sana'ata ta kula da injunan sarrafa nama. Na zaɓi batun wanke inji, domin a nan ne yatsu suke salwanta.

Injin ɗaye fata da bel mai jan nama duk suna da rola, wato gangar ƙarfen nan mai juyawa. Kitse da jijiya da guntun ƙashi sukan maƙale a jikinta. Sai ma'aikaci ya ga ai ɗan abu ne, ya kai hannu inji yana tafiya. To, abin da rola ta kama ba ta saki: safar hannu ta fara shiga, hannu ya bi.

Danna maɓallin tsayarwa bai isa ba, don wani yana iya kunnawa bai san kana wurin ba. Shi ya sa a 1989 hukumar OSHA ta Amurka ta kafa ƙa'ida: a yanke wuta daga tushe, mai wankin ya datse makunnin da kwaɗonsa, makulli yana hannunsa. Ya jira rola ta tsaya cik, ya gwada kunnawa ya ga shiru, sannan ya fara aiki. In ya gama, ya mayar da murfin kariya.

Masu masana'antu a cikinmu, don Allah kada ku gaggauta yaranku lokacin wanki. Kayan inji ana sayowa, amma babu kasuwar yatsa.

Allah ya kiyaye mu.