Kauɗar Tumatir: A Shanya da Rani, a Ci da Damina

Yau hirarmu ta nufi masu lambu, musamman na Kanan-Bakashe da sauran garuruwan Gulbin Kaba, cikin ƙasar Mayahi da ta Tasawa. Zancen tumatir za mu yi.

Tun bayan farin shekarar 1984 hukuma ta yi kira ga jama'a su kama noman rani. Mutane da yawa sun amsa. Amma ga inda matsala take. Kowa yakan dasa bayan kaka, tumatir kuma ya nuna lokaci guda, daga watan Janairu zuwa Maris. Kasuwa ta cika, kuɗi ya faɗi. Abin da ba a sayar ba ya kwana biyu a kwando ya ruɓe. Da damina ta sauka kuwa, uwargida ta nemi na miya ta rasa, ko ta saya da tsada.

Maganin wannan yana hannunku, shi ne kauɗa. Ku sani, tumatir kusan duk ruwa ne. Cikin kilo 100 na ɗanye, ruwa ya kai kilo 94. Ruwan nan shi ke kawo ruɓa. In rana ta shanye shi, sauran yakan yi watanni bai lalace ba.

Za ku ce ai kun san kauɗa tun kakanni. Gaskiya ne. Amma ku dubi wadda ake kawowa kasuwa. Wata baƙa ƙirin, wata cike da yashi. Me ya sa? Don an yanka wanda ya kwanta a kasuwa, an baza shi a ƙasa. Kaji sun taka, awaki sun lasa, ƙuda sun sauka, iska ta zuba ƙura. Wata ɗalibata ta gaya mini buhu guda ta yi haka. Mai saye ya damƙa, ya ji yashi a hannu, ya raba kuɗin biyu. Wahalar ban ruwa ta wata uku ta tafi a rabin kuɗi.

To, ga yadda za ku yi. Ku ɗauki fensir ku rubuta.

Na 1: Ku zaɓi nunanne ja, mai ƙarfi a hannu. Wanda ya fara ruɓa ko yake da tsutsa, ku ware shi. Rana ba ta gyara ruɓaɓɓe.

Na 2: Ku wanke hannu da sabulu. Ku wanke tumatir da wuƙa da ruwa mai tsabta.

Na 3: Ku yanka ƙarami gida biyu, babba gida huɗu. Yanka ya zo daidai, don su bushe tare. Da sassafe ake yi, don su sami ranar yini duka.

Na 4: Ku kafa ƴar rumfa da itace da karan gero, tsawonta ya kai ƙugu. Ku shimfiɗa sabuwar tabarmar kaba a kai. Wannan shi ne babban sirrin: kada kauɗa ta taɓa ƙasa.

Na 5: Ku jera, gefen da aka yanka yana kallon sama, kada wani ya hau wani. Ku barbaɗa gishiri kaɗan. Ku rufe da gidan sauro wankakke, ku ɗaga shi da kara don kada ya manne. Rana da iska za su shiga, ƙuda ba za su shiga ba.

Na 6: Da magariba ku shigar ɗaki. Da safe ku fitar, ku juya. In rana ta yi kyau, kwana 4 zuwa 6 ya isa.

Yaya za ku gane ta bushe? Ku matsa da yatsa. In ba ta manne ba, ba ruwa, tana kuma ƙara in an motsa ta, ta yi. Ku bar ta ta huce a inuwa. Sa'an nan ku zuba a busasshen tulu ko kwalba, ku rufe baki sosai, ku ajiye inda ba laima. Ku da kuka iya rubutu, ku rubuta ranar a takarda ku liƙa, don a fara cin tsohuwa. Kowane wata ku buɗe ku duba. In ta yi laushi, ku sake shanyawa. In ta yi fumfuna, ku zubar, kada yara su ci.

Ranar miya, uwargida ki jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin daka, kuma ki zuba ruwan jiƙon a tukunya.

Ga aikin gida. A ce kilo 15 na ɗanye ya ba da kilo 1 na kauɗa. Mai lambu yana da kilo 60 da bai sayar ba. Kilo nawa na kauɗa zai samu? Ku yi lissafi, ku nuna wa malaminku.

Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ku kafa rumfarku tun tumatir bai nuna ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.