Ɗan Shawagi: Rabi Nama, Rabi Ƙarfe



Abin da za mu yi magana a kansa yau wata halitta ce da ba ta taɓa taka doron ƙasa ba, domin a cikin wasan kwamfuta kaɗai take. Mun san akwai dattawa a nan da za su ce a zuci, ashe don wasan yara aka tara mu. Muna roƙonsu su yi mana haƙuri kaɗan. Ita ma dara wasa ce, amma ba a taɓa raina wanda ya gwanance a kanta ba. Tatsuniya ma ƙanzon kurege ce, duk da haka daga bakin Gizo da Ƙoƙi yawancinmu muka fara sanin halin mutane.

Wasan da muke nufi shi ne X-COM. Wani Baturen Ingila mai suna Julian Gollop ne ya ƙago shi tare da ɗan'uwansa Nick, kamfanin MicroProse ya fitar da shi a 1994 da sunan UFO: Enemy Unknown. A 2012 kamfanin Firaxis na Amurka ya sabunta shi ƙarƙashin jagorancin Jake Solomon, aka kira shi XCOM: Enemy Unknown. Labarin guda ne. Wasu baƙin halittu daga sararin samaniya sun kawo wa duniya hari, suna sace mutane, sai ƙasashe 16 suka haɗa kuɗi suka kafa rundunar asiri, aka naɗa mai wasan kwamandanta. Nijeriya tana cikin ƙasashen nan 16, a tsohon wasan da sabon duka, tare da Masar da Afirka ta Kudu, har ma mutum yakan ga sojansa da tutar kore da fari a ƙeyar sulkensa. A sabon wasan kowace nahiya da irin ribar da take bayarwa. Turai tana sauƙaƙa gina ɗakunan bincike da na ƙere-ƙere, ita kuwa Afirka kuɗi take ƙarawa, kashi 30 cikin 100 kowane wata. Ko masu tsara wasan sun lura da abin da wannan rabo ya yi kama da shi, ko ba su lura ba, mu dai mun lura.

Ana buga wasan ne bi da bi, kamar dara. Kwamanda yana fita da soja 4, daga baya su kai 6, kowane soja yana da motsi biyu kafin a miƙa wa abokan gaba su ma su yi nasu. Sojan da ya mutu ya mutu ke nan, sai dai a rubuta sunansa a bangon tunawa da mazan jiya. In kuwa tsoro ya yi yawa a wata ƙasa, sai ta janye daga ƙawancen da kuɗinta, kuma da zarar ƙasashe 8 sun janye, an ci kwamanda da yaƙi.

To, cikin abokan gaban akwai wanda masu wasan suka raɗa wa suna Floater, mu kuwa za mu kira shi Ɗan Shawagi, domin ba shi da ƙafafu, a iska yake yawo. A wasan 1994 an zana shi da alkyabba, ƙasan jikinsa wani dunƙulen ƙarfe ne mai ɗaga shi sama, kuma bayanin likitocin rundunar ya nuna an yanke rabin jikinsa na ƙasa, an kwashe kayan cikinsa an musanya su da na'ura. A 2012 aka ƙara masa muni. Ƙirji ne kawai da hannuwa biyu da kai, an soka masa bututai cikin nama, an ɗaura masa injunan tashi masu feshin wuta a kafaɗu, yana karkarwa yana kururuwa kamar wanda ciwo bai taɓa saki ba. Makaminsa bindiga ce mai aman koren wuta, wadda yake harbi da ita daga nesa.

Kafin a gane haɗarinsa, tilas mu ɗan yi lissafi, kuma muna fata 'yan sashen Adabi ba za su fice ba. A wasan 2012 sabon kurtu yana da makin saiti 65, watau in abokin gaba yana fili, sau 65 cikin 100 harsashinsa zai same shi. In abokin gaban ya raɓe a bayan ƙaramar kariya, kamar akwati ko guntun shinge, a cire 20. In bayan cikakkiyar kariya yake, kamar bango ko gindin itace, a cire 40, saura 25 ke nan. Haka dokar take a kan sojan kwamanda ma. Saboda haka darasin farko da kowa ke koya shi ne kada ka bar sojanka a fili. Amma bango gefe ɗaya yake karewa. Wanda ya zagayo ta gefe ko ta baya ya rushe kariyar nan gaba ɗaya, bugu da ƙari an ƙara masa kashi 50 na yiwuwar yin mummunan rauni. Wanda kuma yake sama da abokin karonsa an ƙara masa 20 a saiti.

Duk wannan lissafi an gina shi ne bisa zaton maƙiyi ta gaba zai ɓullo, a ƙasa, yana tafiya kamar kowa. Ɗan Shawagi kuwa an yi shi ne musamman don ya karya wannan zato. Bango ba ya tare shi, rufin gida ba ya gagararsa, in yana sama harbinsa ya fi kaifi, samunsa kuma ya fi wuya. Sa'an nan yana da wata dabara tasa: sai ya yi fiton burtu zuwa sama ya ɓace, ya diro a duk inda ya so cikin fagen daga, muddin ba cikin gini yake ba. Galibi bayan sojojin kwamanda yake dira, daidai inda aka ajiye gwanin harbin nesa, wanda aka daɗe ana renonsa, aka kuma ɗauka babu abin da zai kai gare shi. Cikin ƙiftawar ido bangon da soja ya dogara da shi ya tashi daga aiki.

Sai dai masu tsara wasan sun yi adalci, kuma a nan ne gwanintarsu ta fito. Wannan tsalle yana cinye dukkan motsin Ɗan Shawagi, ba ya iya harbi sai zagaye na gaba. Kwamanda yana da dama ɗaya tak. Ko ya juyo da bindigogi ya kashe shi nan take, alhali waɗanda ke gaba suna ƙara matsowa, ko ya kwashe sojojinsa zuwa wata mafaka ya bar wurin da ya sha wahala kafin ya kama, ko kuwa ya yi kasada ya bar abin ga sa'a. Shi kansa ba shi da ƙwari sosai, harbi ɗaya ko biyu masu kyau sun ishe shi. Ƙarfinsa duka yana cikin tilasta maka yanke shawara a lokacin da ba ka shirya ba. Kwamandan da ya sha wuya a hannunsa sau ɗaya yakan koyi barin soja ɗaya ko biyu cikin kwanto, da duba bayansa kafin ya duba gabansa. Daga baya akan turo babban yayansa, mai kaurin sulke da babbar bindiga da gurneti, wanda ba ya ma bukatar zagayowa, domin gurnetin yana rushe bangon ne da kansa. A harin ta'addanci kuwa, inda ake da farar hula 18 da za a ceta, sau da yawa 'Yan Shawagi ba sa kula sojoji, sai su bi mutanen gari suna harbewa ɗaya bayan ɗaya, kwamanda yana ji yana gani, ya rasa ko ya ruga ya jefa sojansa cikin halaka ko ya bi a hankali ya yi asarar rayuka.

Wannan shi ne Ɗan Shawagi a fagen fama. Amma abin da ya sa muka zaɓe shi yana faruwa ne bayan an gama harbe-harbe, sa'ad da aka kwaso gawarsa aka kai hedkwata. Shugabar masu bincike, Dakta Vahlen, takan feɗe shi, ta gano cewa da can cikakkiyar halitta ce. Shugaban injiniyoyi, tsoho Dakta Shen, yakan nuna ƙyamar abin da aka yi masa. A ƙarshen wasan, cikin babban jirgin baƙin, shugabanninsu sukan bayyana cewa duk waɗannan mayaƙa al'ummomi ne da suka ci da yaƙi, suka yi gwaji a kansu suna neman wata baiwa, da ba su samu ba sai suka mai da su makamai. Ashe wanda ya kashe mana gwanin harbi shi ma an riga an ci garinsu. Ɗaliban Tarihi da ke nan ba sa bukatar a tuna musu cewa rundunar da ta fasa ganuwar Kano a watan Fabrairu na 1903 galibinta baƙar fata ce, Turawan cikinta 'yan kaɗan ne masu ba da umurni. Mai mulkin mallaka ya daɗe da sanin cewa ya fi araha a ci gari da hannun mutanen garin da aka ci jiya.

To, me kwamanda yake yi da wannan sani? Yana tara gawarwakin 'Yan Shawagi ya ƙera na'urar da ke taimakon jiragen yaƙinsa su kauce wa harbi, ragowar kuma ya sayar a kasuwar bayan fage ya sami kuɗin gina sansani. Ba wanda ya tilasta masa, sai dai duk wanda ya ƙi yi zai ga aljihunsa ya bushe kafin ƙarshen wata.

A 2013 aka fitar da ƙarin wasan mai suna Enemy Within, kuma a nan ne maganar ta zo gida. An shigo da wani sinadari na baƙin da ake kira Meld, wanda ke haɗa nama da ƙarfe. Da shi kwamanda yana iya ɗaukar sojansa, a kai shi ɗakin tiyata, a yanke masa hannuwa biyu da ƙafafu biyu, a dasa shi cikin wani ƙaton sulke mai bindiga irin ta motar yaƙi. Ba a komawa baya. In ya dawo daga tiyata har muryarsa ta sake, ta zama ta inji, kuma ba ya iya raɓewa bayan bango kamar sauran 'yan'uwansa. Labarin wasan yana ɗaukar waɗannan sojoji tamkar masu sa kai, amma duk wanda ya buga ya san ba a tambayi kowa ba, kwamanda ne ya duba jerin sunaye ya danna. Kuma lissafin yana da daɗi ƙwarai: sojan da ya ji rauni yana kwance ba ya amfanin kowa, in aka yanke shi sai ya tashi ya fi da ƙarfi. Muna tambayar duk wanda ya taɓa wasan nan cikin zauren nan, sau nawa ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna? Mu dai a saninmu da 'yan'uwanmu masu bugawa, abin da ake gardama a kai shi ne wane soja ya fi dacewa a yanke, mai saiti ko mai ƙarfi.

Wannan tunani na gyara mutum ya dace da aiki ya girmi wasan kwamfuta. A 1960 wasu masana biyu a Amurka, Manfred Clynes da Nathan Kline, suka ƙago kalmar da Turawa ke kiran mutum-inji da ita, sayibog. Shawararsu ita ce, maimakon a wahala ana kai wa ɗan sama-jannati iska da ɗumi irin na duniya, a sake jikinsa da na'urori da magunguna har ya iya zama a can. Ba mu ce haɗa jiki da ƙarfe mugun abu ne ba. Wanda ya rasa ƙafa a haɗarin mota aka sa masa ta roba ya koma kasuwa, da wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, su ne shaida. Bambancin yana ga wanda gyaran ya yi wa amfani. Ƙafar roba mai ita take yi wa aiki, ya je inda ya ga dama. Injin da ke kafaɗar Ɗan Shawagi kuwa wanda ya ɗaura shi yake yi wa aiki, kuma an cire ƙafafun ne domin mai shi ba ya bukatarsu. Yawancinmu nan da 'yan shekaru za mu zauna a ofis, a miƙo mana fayil mai sunayen mutane, a ce a rage, a sauya, a tura wancan wuri kaza domin aiki ya tafi daidai. Lissafin zai yi daɗi a takarda kamar yadda yake yi a allon kwamfuta, waɗanda sunayensu ke ciki kuwa ba sa cikin ɗakin.

Saura mu faɗi yadda Ɗan Shawagi ya ƙare. A 2016 aka fitar da XCOM 2, wanda ya ɗauka cewa kwamanda ya sha kashi. Shekara 20 sun wuce, ana cikin 2035, baƙin suna mulkin duniya ta hannun wata gwamnati mai suna ADVENT, sun gina birane masu tsabta da asibitocin da ke warkar da cututtuka, mutane suna tururuwa zuwa can. Mai mulki irin wannan ba zai so talakawansa su ga naman da aka soka wa bututu yana kururuwa a kan titi ba. Saboda haka aka janye Ɗan Shawagi, aka kawo wani mai suna Archon a madadinsa. An lulluɓe shi da fari da ruwan zinariya, an ba shi ƙirar jarumi da sanda a hannu, kai ka ce gunkin wani tsohon sarkin Masar ne. Yakan tashi sama ya auna inda sojoji suka taru, a zagaye na gaba ruwan wuta ya sauko musu. In harsashi ya same shi sai natsuwar ta gushe, ya haukace ya afka wa na kusa da shi. Wanda kuma ya dubi ƙasan zinariyar nan zai ga har yanzu ba shi da ƙafafu.