Ziyarar Magangarun Ruwa da Tuddai Masu Sanyi: Jawabi ga Dattawa da Shugabannin Zumunta



An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan roƙon da zumuntar matasa ta kawo gaban dattawa, wato a ba su izini su shirya tafiya zuwa ganin magangarun ruwa da tuddan ƙasar Filato. Na ji an ce roƙon nan ya kwana biyu a hannun kwamiti. Waɗansu sun ce ɓarnar kuɗi ce, waɗansu sun ce hanya ba lafiya, waɗansu kuwa abin da ke damunsu shi ne samari da 'yan mata a mota ɗaya har kwana uku. Duka maganganun nan suna da tushe. Amma bari in faɗi nawa ra'ayin tun da fari, domin kada in ɓata maku lokaci: a bar su su je, sai dai kada su je su kaɗai. Dattawa da iyaye mata su shiga motar tare da su.

Dalilina shi ne, yaran nan suna zuwa ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Waɗanda ke karatu a Jos da Kafanchan da Minna da Abuja sukan haɗa kuɗi da abokai ranar Asabar, su tafi bakin ruwa, su hau dutse mai santsi domin ɗaukar hoto da waya, ba wanda ya san inda suke a gida. Hanin da muke yi bai tare hanya ba, ya dai hana mu sani ne kurum.

Yawancinmu mutanen fili ne. A ƙasar Kano da Katsina da Jigawa ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na kududdufi, da na dam kamar Tiga, da kogin da ke cika da damina ya koma yashi da rani. Akwai tsofaffi a cikinmu da ba su taɓa ganin kogi ɗungum ya faɗo daga kan dutse ba. Ga shi kuwa abin ba a wata ƙasa yake ba, tafiyar yini ɗaya ce.

Mafi kusa da mu ita ce Matsirga, a Madakiya, dab da Kafanchan a kudancin Jihar Kaduna. Ruwan yana fitowa ne daga duwatsun Kagoro, ya zo ya faɗa wani kwari mai zurfin kusan mita 30. Tun kafin ka gan shi za ka ji rugugin, idan kuwa ka matsa kusa, feshin ruwan zai jiƙa maka riga ko da ba ka taɓa ruwan ba. Daga nan Kagoro ba nisa, inda makarantar tauhidi ta ECWA take, wadda fastocinmu da yawa suka yi karatu a cikinta, saboda haka masauki ba zai yi wuya ba idan an rubuta takarda da wuri. Washegari in aka bi ta Gidan Waya aka nufi Jos, a gindin Hawan Kibo akwai magangarar Assop, wajen kilomita 60 kafin Jos. Ba ta kai Matsirga tsawo ba, amma tana kusa da titi, akwai inuwar itatuwa da shimfiɗaɗɗen dutse inda jama'a za su zauna su ci abinci. Tsoho mai ciwon gwiwa ma zai iya kaiwa.

Wadda ta fi su duka kwarjini ita ce Farin Ruwa, a ƙaramar hukumar Wamba ta Jihar Nasarawa. Tsawonta ya kai wajen mita 150, wato ta fi shahararriyar magangarar Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tsawo, gama waccan mita 108 ce, ko da yake a faɗi da yawan ruwa ba a haɗa su. Daga nesa sai ka ce farin ƙyalle aka shanya a jikin dutse. Amma hanyarta da wuya, ƙarshenta kuma sai an taka da ƙafa, don haka ban ba da shawarar a fara da ita ba. Ga 'yan'uwanmu na Suleja da Abuja kuwa, Gurara ce a ƙofar gidansu, a kan hanyar Suleja zuwa Minna. Tsawonta wajen mita 30 ne, amma da damina faɗinta yakan kai mita 200.

Yanzu maganar tuddai. Me ya sa Jos ta fi Kano sanyi alhali kuwa Jos ce ke kudu? Tsawo ne. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Kano ba ta kai mita 500 bisa teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinta kuma sun kai wajen 1,800. Turawan mulki sun san wannan tun daga Indiya, inda sukan gudu daga zafin fili su hau tsaunuka. A shekara ta 1864 har suka mai da garin Shimla babban birninsu na lokacin zafi, gwamnati ɗungum takan kwashe takardunta ta hau dutse kowace shekara. Da suka zo nan suka sami Jos, ga sanyi ga kuza, sai suka yi irin wannan. Otal ɗin Hill Station na Jos sunansa ma daga wannan al'ada ya fito. Kuma saboda ma'adinan kuza ne kamfanin NESCO ya kafa injin lantarki a magangarar Kurra tun wajen 1929, tun yawancin garuruwan Arewa suna kwana da aci-balbal.

Mishan ma sun bi sahu. Fiye da shekara 100 ke nan da mishan na SIM suka buɗe gidan hutu a Miango, a ƙasar Irigwe yamma da Jos, domin ma'aikatansu da zazzaɓi da zafi suka galabaitar su zo su huta su koma bakin aiki. Mutanen nan ba malalata ba ne, kun san aikin da suka yi a garuruwanmu. Sun dai gane cewa jakin da ba a sauke wa kaya ba ya daɗewa. Na kawo wannan ne saboda dattijon da ke ganin hutu aikin marasa abin yi ne. Akwai masu bishara a cikinmu da suka yi shekara ashirin a ƙauye ɗaya, ba su taɓa kwana a wani wuri ba sai don taro ko jana'iza. In za a yi tafiyar nan, ina roƙo a ajiye masu kujera biyu ko uku tare da matansu, ikilisiya ta biya.

Akwai tuddai biyu masu nisa da zan ambata a taƙaice. Obudu a Jihar Kuros Riba, wajen mita 1,500, wanda Turawa suka mai da wurin kiwon shanu a 1951, aka kuma sa masa motar da ke tafiya a rataye kan igiyar ƙarfe a 2005. Kada kowa ya yi wannan doguwar tafiya saboda motar nan sai ya tambaya ko tana aiki. Sai Mambila a Jihar Taraba, inda Gembu take, da gonakin shayi a Kakara, kuma a wannan yanki ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Duka biyun sun fi ƙarfin aljihun zumuntar matasa a yanzu. A bar su ga masu sabon aure da ke da hali.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne halin ruwan kansa, domin nan ne rai yake salwanta. Yaron da ya iya iyo a kududdufin bayan gari yana tsammani ya iya ruwa. Ruwan gindin magangara dabam ne. Shekara da shekaru yana dukan wuri ɗaya, ya haƙa rami mai zurfi da ba a ganin ƙasansa. Ruwan da ya faɗo kuma ba ya wucewa kai tsaye, yakan nutse ya juyo baya yana murɗawa, ya jawo mutum ya mai da shi ƙarƙashin inda ruwan ke zuba. Farin kumfan nan da ke ba mu sha'awa iska ce ta cika shi, ba ya ɗaukar nauyin mutum kamar ruwan da ke kwance, saboda haka gwanin iyo ma yakan nutse. Sau da yawa kuma ba mutum ɗaya ake rasawa ba, na biyu yakan faɗa ne garin ceton na fari. Duwatsun bakin ruwa suna da gansakuka, sun fi sabulu santsi, silifas da takalmi mai tsini ba su da wurin zuwa a nan. Sa'an nan ga wanda mutanen fili ba su sani ba: ana iya yin ruwan sama a can bisa tudu, kai kana ƙasa rana na haskawa, kafin ka ankara kogi ya taso. In kun ga ruwa ya soma canza launi zuwa ja, ko yana kawo ganye da karare, ku kwashe yara ku hau sama nan da nan, kada a tsaya tattara kwanuka.

Domin haka doka ɗaya ce ba sassauci: ba mai shiga ruwa a gindin magangara, ba mai hawa bakinta ta sama domin hoto. A nemi ɗan gari ya yi jagora, a biya shi haƙƙinsa, inda ya ce kada a taka kada a taka. A raba jama'a goma goma, kowane rukuni da babba ɗaya mai riƙe da sunayensu, a ƙirga kafin a sauka a ƙirga kafin mota ta tashi.

Wane lokaci ya fi? Nan akwai 'yar matsala. A Agusta da Satumba ruwa ya fi cika, amma lokacin ne ya fi haɗari, hanyoyin ƙauye kuma sun lalace. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ne ya fi kyau, ruwan sama ya ɗauke, kogi bai janye ba, duwatsu kore shar. Sai dai mu manoma ne, lokacin nan wake da dawa suna jiran hannu, ba uban da zai saki ɗansa kwana uku. Bayan Kirsimati kuwa kowa ya sami sarari, makarantu suna hutu, ruwa ya ragu amma yana nan, ya kuma fi aminci ga yara. Ni da za a bi tawa, sai a ɗauki makon da ke tsakanin Kirsimati da sabuwar shekara. Wanda ya kai ranar 1 ga Janairu a Kagoro ma zai ga bikin Afan. Amma a zo da bargo da rigar sanyi da hula, gama hunturun Jos da dare ba irin namu ba ne, masu asma da tsofaffi su zo da maganinsu.

Maganar tsaro ba zan ɓoye maku ba. Ƙasar Irigwe ta sha hare-hare a shekarun nan, kudancin Kaduna haka, a Kirsimatin 2023 kuma an kashe mutane da yawa a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, ƙaramar hukumar da Kurra take ciki. Wannan ya sa ba za a tsai da hanya daga nan ba. Kwamiti ya tuntuɓi fastocin wuraren da za a bi, mako guda kafin tafiya, ya sake kira daren tashi. In suka ce a dakata, a dakata, ko da an riga an biya mota. Ba tafiyar dare ko kaɗan, ƙarfe biyar ta yi kowa yana masauki. A Hawan Kibo kuma a sa ido a kan direba, wurin ya ci motoci da yawa, musamman manyan motocin da birki ya tsinke masu a gangara. A duba birki da tayoyi kafin a bar gida, kada a ɗauki direban da bai taɓa bin hanyar ba don kawai ya rage kuɗi.

Game da kuɗi, na yarda da dattawan da suka ce kada a taɓa baiko. Masu zuwa su yi adashi tun daga yanzu, kowane wata kaɗan kaɗan. Zumuntar mata ta taimaka da dambu da ƙuli-ƙuli da soyayyen nama, domin abincin hanya ne ke cinye kuɗin tafiya. A kwana a masaukin ikilisiya, maza dabam mata dabam, kowane ɓangare da mai kula, wannan kuwa ya amsa damuwar iyayen da suka yi maganar samari da 'yan mata. A riƙe ɗan canji domin kuɗin shiga, gama yawancin wuraren nan akwai mai karɓa a ƙofa, a kuma ware wani abu a hannun ma'aji saboda asibiti ko gyaran mota.

Abu na ƙarshe, wuraren nan suna da masu su. Gonakin da za mu ratsa na mutane ne, ruwan da za mu gani shi ne wanda ƙauyukan ƙasa suke sha. A gai da mai gari in ya samu, kada a tsinki mangwaro ko rake na kowa, kada a ɗauki hoton mata a rafi ba da izini ba, ledar ruwa da robobi kuma a tattara a koma da su mota. Waɗansu wuraren mutanen gari suna da al'adunsu a kai tun kakanni, mu baƙi ne, ba gardama ta kai mu ba.

Ina ba da shawara a naɗa mutum biyar yau, dattijo ɗaya, uwa ɗaya daga zumuntar mata, matasa biyu, da wani ma'aikacin lafiya, su kawo wa taro na gaba hanya da masauki da abin da kowane mutum zai biya.