Rubutaccen Shiri: Yadda Muka Dafa Tumatirin Baffa A Ɗakin Sanyi

Yau da tonon asirin kaina zan fara.

Bazarar bara, ni da wasu samari biyar a ƙauyenmu, can wajen Dam ɗin Thomas a yankin Dambatta, muka ce mun gaji da ganin tumatir yana ruɓewa a kwando kafin a samu motar 'Yankaba. Muka yi karo-karo muka gina ɗan ɗaki da jan bulo, bango biyu, muka cika tsakaninsu da yashi muna jiƙawa. Da yake ni ne mai digiri a cikinmu, sai na zama injiniya. Na ce a toshe ko'ina kar sanyi ya gudu, kamar firij. Muka rufa kwano, muka liƙe taga da leda. Baffana ya ba mu kwando takwas bisa amana, muka haɗa da albasar wani maƙwabci.

Kwana huɗu na buɗe ƙofa, wallahi wani hucin zafi da wari ne suka tare ni. Bango yana gumi, tumatir ya yi fumfuna. Baffa bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, ka taɓa ganin an kulle randa a akwati?"

To, a nan karatun yake. Me ya sa ruwan randa yake sanyi? Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, shi kuma yana bushewa yana tafiya da zafi. Zafin da lita ɗaya take kwasa kafin ta zama tururi ya ninka wanda ake buƙata a tafasa ta fiye da sau biyar. Amma sai da iska mai wucewa. In ta tsaya cak, ta ƙoshi da danshi, bushewa ta tsaya, sanyi ma ya tsaya. Ga shi kuma tumatir ko an tsinke shi yana numfashi, yana fitar da zafinsa. Mu ruwa muka bai wa ɗakin, muka hana shi iska.

Kuma abin kunyar, ilimin nan a maƙwabtanmu yake. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. A shekarar 2000 ya samu kyautar Rolex a kan wannan. An ruwaito yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27 a ciki. Abin da ya fi burge ni, damuwarsa har da 'yan matan da ake tura wa talla kullum don kar kaya su lalace, makaranta ta wuce su. Irin ɗakinmu kuwa, masu binciken noma na Indiya sun gwada shi tun shekarun 1980, suna barin ratar santimita 7.5 tsakanin bangayen, kuma a lokacin busasshen zafi yana rage digiri 10 zuwa 15.

Da muka dawo gyara, kwanon muka fara yayewa. Muka yi rufin ciyawa, muka kafa rumfar zana a sama, gefenta a buɗe, don rana kar ta taɓa bango amma iska ta riƙa shafarsa. Muka huda ƙofofin iska a ƙasa ta ɓangaren da take kaɗowa, muka sa raga saboda ɓera, muka rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a bakinsu. A sama ta ɗaya gefen muka bar mafita, tunda iska mai zafi sama take yi. Da dare a buɗe su duka, da rana a rage. Ruwa safe da yamma, kuma a jiƙa ne, ba a yi ambaliya ba. Kwanduna a kan katako, ba a jingine da bango ba.

Ɗan Allah ku sayi ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, ku riƙa rubutawa da asuba, da azahar, da magariba. Hannu yana ruɗi. Sannan ku tsinke kaya da sassafe; tumatirin da ya sha ranar azahar garwashi kuka shigo da shi.

Kar wani ya yaudare ku, wannan ba firij ba ne. Nama, nono da magani ba wurinsu ba ne. Shi tumatir ma ba ya son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10, lalata shi yake. Kuma ɗakin na rani ne. Daga hunturu zuwa Afrilu yana aiki sosai, amma a Agusta da iska ta cika da laima, kusan hutu yake tafiya.

Albasa kuwa, ku raba ta da wurin gaba ɗaya. Ita busasshiyar iska take so, shi ya sa manomanta suke ajiye ta a rumfa mai shan iska, a ɗage daga ƙasa. Haka nunannen tumatir da mangwaro suna fitar da wani iskar gas da ke sa alayyahu da latas su yi rawaya da wuri, kar a haɗa su kwando ɗaya.

Bana Baffa ya sake ba mu kaya, amma kwando biyu kacal, kuma da kansa yake zuwa duba ma'aunin da azahar. Kuɗin takwas ɗin bara har yanzu da saura a kaina.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Na bar ku lafiya.