Dare Na Uku A Asibiti: Abin Da Dattawan Ikilisiya Ya Kamata Su Sani

Maganar da muka zo da ita ba mu saba yin ta a majami'a ba, amma mun sha cin karo da ita a bakin gadon asibiti.

Shekarun baya an tashe mu da tsakar dare, aka ce mu zo asibiti. Wani ɗan'uwa ne, manomi, ya faɗi da babur ya karye a cinya. Ranar da aka kwantar da shi muna wurin, har ba'a yake yi da masu dubiya. Washegari hannunsa ya soma rawa, ya kasa riƙe kofin kunu, gumi yana keto masa. A dare na uku ya tashi da ihu, wai macizai suna bin bango. Ya fizge ƙarin ruwan da aka sa masa, bai gane matarsa ba. Dangi suka taru, masu cewa jifa ne na yi, masu cewa iskoki ne na yi. Sai wata nas ta ja matar gefe ta ce, "Mama, don Allah ki gaya mini gaskiya, Baba yana shan giya?" Matar ta dube mu, ta sunkuyar da kai. Tun ranar farko an yi mata wannan tambaya a gabanmu, ta ce a'a, domin kunyar fasto. Ashe mutumin ya shekara fiye da 20 rana ba ta faɗi bai sha burukutu ba. Allah ya sa ya rayu, amma har yau abin yana damunmu: tsayuwarmu a wurin ce ta hana likita jin gaskiya.

Bari mu bayyana abin da ya same shi, yadda masu aikin lafiya suka koya mana. Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwar takan ƙara ƙarfi domin ta iya aiki duk da dannewar. Ku ɗauki mutumin da yake tura ƙofa da dukan ƙarfinsa, wani kuma ya tokare ta daga ciki. Idan na cikin ya saki farat ɗaya, mai turawa zai kifa. Haka jiki yake yi idan giya ta yanke masa ba shiri. A gadon asibiti kuwa babu burukutu, babu ogogoro, babu ta kwalba, saboda haka wanda aka kawo domin karaya, ko aikin ƙaba, ko zazzaɓi, sai ga wani ciwo dabam ya taso masa.

Ciwon yana da lokutansa, ya kamata mai jinya ya riƙe su. Daga awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, akan ga rawar hannu, gumi, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. Cikin kwana 2 na farko wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya, wasu su riƙa gane-gane ko jin muryoyi. Mafi hatsari yakan zo tsakanin awa 48 da 96: ruɗewa, sambatu, zafin jiki, zuciya tana bugawa da sauri, jini ya hau. Likitoci suna kiransa diliriyam tiremens, sunan da wani likitan Ingila, Thomas Sutton, ya sa masa a 1813. Ba kowane mashayi yake kaiwa nan ba, kamar mutum 3 zuwa 5 ne cikin 100 na waɗanda ciwon ya kama. Amma yana kisa idan ba a yi magani ba. Wanda ya taɓa yin jijjiga ko ruɗewa a baya, da tsoho, da mai wani ciwo mai tsanani, su suka fi shiga hatsari.

Abin godiya shi ne akwai magani, kuma ba mai tsada ba ne. Likita yakan ba da maganin kwantar da jijiyoyi kamar diyazefam, ko lorazefam idan hanta ta taɓu, ya riƙa ragewa a hankali cikin 'yan kwanaki. A asibitoci da yawa akwai ma'auni mai abubuwa 10 da nas take dubawa lokaci lokaci, domin a san ko a ƙara magani ko a rage. Akan yi allurar bitamin B1, wato tiyamin, domin mashayi yakan rasa shi, rashinsa kuwa yana iya lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya daina riƙe abin da ya faru ɗazu. Akan kuma auna sukari da gishirin jini, a ƙara ruwa. Duk wannan ya fi amfani idan an soma da wuri, likita kuwa ba zai soma ba sai ya sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

To, dattawa, mene ne namu a ciki?

Na ɗaya, idan likita ya zo yin tambayoyi, mu fita waje mu ba iyali wuri. Kafin mu fita mu gaya musu su faɗi gaskiya: me yake sha, nawa a rana, yaushe ya sha na ƙarshe, ko ya taɓa jijjiga da ya daina.

Na biyu, kada mu bari a ɗauke majinyaci daga asibiti domin ya soma sambatu. Mu yi addu'a a bakin gadonsa, magani kuma yana tafiya. Allah da yake jin addu'a shi ne ya ba likita sani.

Na uku, idan wanda ya daɗe yana sha kullum ya tuba ya ce ya bari, mu yi murna, amma kada mu kulle shi a ɗaki da azumin kwana uku. Mu raka shi asibiti tun ranar. Kada kuma a sayo diyazefam a kemis a ba shi a gida, gama idan ya haɗu da giya yana iya tsayar da numfashi. Haka nan kada wani ya ɓoyo giya cikin gora ya kai masa gado da sunan tausayi.

Na huɗu, mai kwana da shi ya zama wanda ya sani, mai sanyin magana. A bar fitila, a rage hayaniya, a riƙa tuna masa inda yake. Idan ya yi jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali a baki, a kira nas nan da nan.

Na biyar, mu riƙe asiri. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, kowa ya san kowa, kuma mun san gorin da ake yi mana a kan giya a garuruwan da muke zaune. Wannan gori ne yake sa mu rufe bakinmu har a gaban likita. Abin da muka ji a asibiti kada ya zama hira a kasuwa, ko wa'azin ranar Lahadi. Maganar horo kuma ta jira mutum ya tashi.

Sallama daga asibiti mafarin aiki ce. Ƙishin giya yakan dawo, abokan da kuma suna nan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, inda ake taimakon masu son rabuwa da shaye-shaye. Mu kuma mu ba shi abokan zama, mu ziyarce shi, mu kula da matarsa da 'ya'yansa. Idan ya sake faɗuwa mu sake ɗaga shi.

Ubangiji ya ba mu hikima da jinƙai, ya warkar da marasa lafiyarmu, ya ƙarfafa masu jinyarsu. Amin.