Kafin A Buɗe Shago A Intanet: Jawabi Ga 'Yan Kasuwarmu Na Sabo

 

Maganarmu ta yau a kan shafin intanet ce na mai ƙaramar sana'a. Da yawa daga cikinmu nan Sabo, teloli, masu kilishi, masu goro da masu huluna, samari sun zo musu da shawarar a buɗe musu shafi, don mai saye daga Legas ko Fatakwal ya ga kaya ba sai ya tako Badun ba. Shawara ce mai kyau. Amma fa jama'a, shafi shago ne, kuma mu mazauna ƙasar wasu mun fi kowa sanin abin da ke samun wanda ya yi gini a filin da ba shi da takardarsa.

To, filin a nan shi ne sunan shafin, wato adireshin da mutane za su rubuta su same ka. Sunayen da ke ƙarewa da .ng ko .com.ng, ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, wadda aka kafa a 2005. Sunan nan ba sayensa ake yi ba, haya ce da ake sabuntawa shekara-shekara. Haka ma ma'ajiyar da shafin ke zaune a ciki, ita ma haya ce. Abin da ya fi cutar mutane shi ne, mai haɗa shafin sai ya yi rajistar duka biyun da sunansa da imel ɗinsa. Ranar da kuka saɓa, ko ya tafi bautar ƙasa, ko ya canza lamba, shi ke nan, shago ya bi shi, alhali kai ka riga ka buga adireshin a kati da leda da allon ƙofa. In kuwa haya ta ƙare ba a biya ba, bayan wani wa'adi wani na iya ɗauke sunan. Saboda haka rajista ta zama da sunanka, da lambarka, da imel ɗinka, kalmar sirri kuma ta zauna a hannunka kamar makullin shago.

Na biyu, kafin a kira ma'aikaci a zauna a yanke abin da ake so. Nuna kaya kawai za a yi mai saye ya kira ta WhatsApp, ko kuwa a shafin zai biya ta hanyar Paystack ko Flutterwave? Na farkon ya fi sauƙi da araha, kuma ya ishi yawancinmu. Mai son na biyun, gara ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a hukumar CAC, ya buɗe asusun banki da wannan sunan. A tuna kuma masu sayenmu ba Hausawa kaɗai ba ne, don haka a sa Turanci, in da hali har da Yarabanci.

Na uku, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: shafuka nawa, ranar gamawa, gyara sau nawa, da wanda zai riƙa canza farashi bayan an gama. Kada a biya duka tun farko, wannan sayen kifi ne a ruwa. A raba kuɗin uku: kafin alƙalami, sai in an ga samfuri, sai cikon ranar da aka miƙa makulli. Hotuna da farashi kuwa aikinmu ne, mu kawo su da wuri, don sau da yawa mu ne ke jan aikin sannan mu zargi yaro.

Na huɗu, kafin a biya ciko a gwada shafin a ƙaramar waya, a cikin kasuwa inda sabis ba shi da ƙarfi. In bai buɗe da sauri ba, mai saye ba zai jira ba. Lambobin mutane da adireshinsu kuma amana ce, akwai ma dokar kare bayanai ta 2023 a kansu.

Daga ƙarshe muna roƙon ƙungiya ta naɗa mutum biyu masu ilimin kwamfuta da za su riƙa duba irin wannan yarjejeniya kafin ɗan uwa ya sa hannu. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya ƙara mana haɗin kai da zaman lafiya da maƙwabtanmu.