HANTA DA CIWON SUKARI: GARGAƊIN DA KE ZUWA DA WURI

(Jawabin da wani ma'aikacin wannan shafi ya yi wa 'yan Arewa mazauna Agege, cikin Ikko.)



Ni dai ba likita ba ne, ɗan jarida ne, aikina gyaran labarai da dare kafin su shiga ɗab'i. Abin da ya tsai da ni gabanku yau shi ne wata 'yar takarda da aka miƙo mini a asibiti bara. Zazzaɓi ya kai ni, likita ya sa aka auna jinina. Da sakamako ya fito, sai ya ce, “Malam, ba ka kamu da ciwon sukari ba tukuna, amma sukarinka ya ɗaga, hantarka kuma tana nuna ka kama hanyarsa.” Na yi mamaki ƙwarai, domin ban taɓa jin abin da ya gama hanta da sukari ba. Tun daga ran nan na shiga tambaya da karatu. Abin da na samo shi na kawo muku.

Hanta dai rumbun jiki ce. Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa ko burodi, hanji ya kan mai da su sukari ya tura cikin jini. Hanta sai ta ɗebi wani kashi ta adana, kimanin giram 100 a jikin baligi. Da dare kuwa, ko lokacin da muke azumi, ita ce ke buɗe rumbu tana sakin sukari kaɗan-kaɗan don ƙwaƙwalwa ta samu abin aiki. In ajiyar ta yi ƙasa, hanta tana iya ƙera sabon sukari da kanta. Wani masani Bafaranshe, Claude Bernard, shi ya gano wannan aiki, har ya ware abin da hanta ke adanawa a shekarar 1857.

To, wa ke gaya wa hanta ta rufe rumbu? Akwai wata 'yar gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, wanda Frederick Banting da Charles Best suka tato a birnin Toronto na Kanada a 1921. Insulin ɗan aike ne. Da zarar an ci abinci, ya kan je wa hanta da saƙo cewa sukari ya wadata, ta daina saki. Amma fa idan kitse ya taru a cikin hanta, sai ta zama kamar kurma, ɗan aike na magana ba ta ji. Sai ta yi ta zuba sukari cikin jinin da ya riga ya cika. Fankiriyas ta dinga ƙara yawan insulin shekara da shekaru, har ta gaji. Ran da ta gaza, ran nan ciwon sukari irin na manya ya bayyana. Shi ya sa ma maganin nan metformin, wanda aka fi fara ba masu wannan ciwo, babban aikinsa shi ne rage sukarin da hanta ke saki.

Yanzu sai mu zo ga awon jini. A cikin ƙwayoyin hanta akwai sinadaran aiki da ake kira enzayim. Uku daga cikinsu likitoci suka fi dubawa, watau ALT da AST da GGT. Muddin hanta na lafiya, kaɗan ne ke fita cikin jini. In ta wahala sai su yi yoyo, kamar yadda hatsi ke zuba daga buhun da ya huje. Bincike a ƙasashe da dama, inda aka bi mutane shekaru masu yawa, ya nuna waɗanda ALT ko GGT nasu ya ɗaga sun fi sauran kamuwa da ciwon sukari daga baya. Wannan shi ne gargaɗin da ke zuwa da wuri, tun kafin yawan fitsari da ƙishirwa da ramewa su fara.

Amma a nan sai a yi hattara. Hauhawar waɗannan sinadarai ba ita ce shaidar ciwon sukari ba, kuma ba kitse kaɗai ke kawo ta ba. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2018 ta samu kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayarsa. Barasa ma tana ɗaga su, haka shan magani barkatai, da jiƙe-jiƙen kwalba da ake talla a tashoshin mota. Ni ma sai da likita ya auna ni ya tabbata ba ni da ciwon hanta kafin ya ɗora laifin a kan kitse. Shi kansa sukari kuwa awonsa daban ne: wanda aka auna da safe kafin ya karya, aka samu 126 ko fiye, aka kuma maimaita aka sake samu, ya kamu. Daga 100 zuwa 125 yana bakin ƙofa.

'Yan'uwa, me ya sa maganar nan ta shafe mu musamman? A gida yawancinmu mun tashi da fartanya a hannu, muna tafiyar ƙasa zuwa gona da kasuwa, abincinmu tuwon dawa da gero da wake da miyar kuka. Da muka zo Kudu neman halal, sai zama ya canja. Ɗan canji da ɗan goro suna wuni a kan benci, direban tirela yana kwana a kan sitiyari, mai gadi yana zaune bakin ƙofa, ni kuma ina kan kujera har asuba. Karin kumallo shayi ne mai sukari cokali huɗu da burodi, da rana farar shinkafa ko teba, ga lemon kwalba ana korawa saboda zafi. Kwalba ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 13, kuma wani kashi na wannan sukari hanta ce ke sarrafa shi, in ya yi yawa ta mai da shi kitse. Sa'an nan idan tumbi ya fito, sai 'yan'uwa su ce wane ya samu duniya. Alhali kuwa ciwo ne ke shimfiɗa tabarma.

Abin farin ciki shi ne hanta tana saurin farfaɗowa. A 2011 Farfesa Roy Taylor da abokan aikinsa a Newcastle ta Ingila suka sa waɗansu masu ciwon sukari su rage abinci sosai, likitoci suna lura da su. Cikin mako ɗaya kitsen hantarsu ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, sukarinsu na safe ya koma daidai. Haka kuma wani babban bincike na Amurka da aka buga a 2002 ya nuna waɗanda ke bakin ƙofa, da aka sa su rage ƙiba da kimanin kashi 7 cikin 100, su kuma yi tafiya mai sauri ta minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100.

Saboda haka ga roƙona. Na farko, duk wanda ya haura shekara 35, ko yake da tumbi, ko aka taɓa yin ciwon sukari a gidansu, ya je asibiti a auna masa sukari da sinadaran hanta da kuma ciwon hanta nau'in B. Na biyu, a sami igiya a auna tsawon jiki, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, tumbi ya wuce kima. Na uku, a rage sukarin shayi, a mai da lemon kwalba abin marmari, a koma ga wake da dawa da ganyen zogale da alayyafo, waɗanda duk suna nan a Mil 12. Na huɗu, a riƙa tattaki na rabin awa kullum. Wanda kuma ya riga ya kamu, kada ya bar maganin asibiti don jin labarin wani mai jiƙo, kuma ya nemi shawarar likita kafin watan azumi.

Kowannenmu akwai bakuna da yawa a gida da ke jiran aikensa. In ciwo ya taɓa ido ko ƙoda, ko ya kai ga yanke ƙafa, ba mutum ɗaya ya kwanta ba, gida guda ne. Kuɗin awo kuwa bai kai na jinyar mako ɗaya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

 Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da mu gida da alheri.